Wasa da Alamomin Abzin a Fasahar Zamani

Kuros ɗin Agadas, abin wuyan azurfa da maƙeran Abzinawa ke zubawa da dabarar kakin zuma, shi ne alamar da aka fi sanin arewacin Nijar da ita. A kasuwa akan jera iri 21, galibi da sunan gari ko yanki, kamar Ingal, Iferwan, Timiya, Bilma, Tawa da Damagaram. Mai saye yakan zaci an rufe jerin tun kaka da kakanni, amma maƙeran ba su ɗauke shi haka ba. Da jagoran Abzinawa Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995, sai suka ƙera sabon kuros da sunansa, yau kuma siffar ta koma 'yan kunne, zobe da mariƙin makulli.

Masu ganin wannan a matsayin zubar da darajar gado sun manta matsayin maƙeri a al'adar Abzin: shi ne ke da izinin zolayar manya ba a riƙe shi da laifi ba. Wasa da alama dangin wasan taubasai ne, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Sai da kusanci ake yin sa.

Fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015 ya tabbatar da haka. Christopher Kirkley ya ɗauko labarin Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984, ya dasa shi a lungunan Agadas, mawaƙi Mdou Moctar na yawo da rawani da jita a kan babur mai launin shunayya. Ba'ar ta taɓa kowa: gwanin Amurka ya zama Ba'abzine, Ba'abzinen da masu yawon buɗe ido suka saba gani bisa raƙumi ya hau babur. Tun 1998 mai zanen tufafi Alphadi ya yi makamancin haka, da ya kai bikin nunin tufafi na FIMA cikin hamada a Tigidit. Aikin Not Vital, ɗan ƙasar Suwizalan da ya sa maƙeran Agadas suka rufe busasshen naman raƙumi cikin ƙwallayen azurfa, ya fi jawo gardama, domin hannun na gida ne, suna da kasuwar kuwa na baƙo.

Arlit da Assamakka ba sa cikin jerin nan na 21. Assamakka zangon iyaka ne, an fi saninsa da 'yan ci-ranin da Aljeriya ke korowa su tako kusan kilomita 15 cikin rairayi. Arlit kuwa yuraniyom ne ya haife ta a ƙarshen shekarun 1960, alamarta kuma kirari ce: Faris ta biyu. Idrissou Mora-Kpai ya sa wannan kirari a sunan fim ɗinsa na 2005, sannan ya nuna ƙura, rashin aiki da ciwon tsofaffin ma'aikata, har kirarin ya koma gatse. Amina Weira, 'yar ma'aikacin ma'adinan, ta bi sawu a 2016 da fim ɗin La Colère dans le vent, inda tarkacen ƙarfen ma'adinai ke shiga gidaje ya zama kayan amfani. Kamfanin haƙar yuraniyom na Cominak da ke yankin ya rufe raminsa a Maris 2021, bayan haƙar da ya fara a 1978.