Daga Gargaɗi Zuwa Kariya: Waiwaye a Kan Shari'ar Tarasoff

Wannan maƙala ta waiwayi shari'ar da ta shata iyakar riƙe sirrin majinyaci a Amurka. A shekarar 1969, wani ɗalibin Jami'ar Kalifoniya mai suna Prosenjit Poddar ya bayyana wa masanin halayyar ɗan'adam da ke duba shi aniyarsa ta kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. Masanin ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka tsare Poddar na ɗan lokaci, sannan suka sake shi. Ba wanda ya ankarar da budurwar ko iyayenta. A watan Oktoba ya kashe ta.

Da iyayen suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci a 1974 cewa wajibi ne a gargaɗi wanda ake hari. Ƙungiyoyin likitoci suka koka cewa majinyata za su daina buɗe cikinsu. A 1976 kotun ta sake zama, ta musanya wajibcin gargaɗi da wajibcin kariya.

Abin lura shi ne, sauyin kalma guda ya faɗaɗa zaɓin likita: ko ya gargaɗi wanda ake hari, ko ya sanar da hukuma, ko ya ɗauki wani matakin da ya dace. Ke nan amanar sirri tana nan, sai dai ba ta rinjayi ceton rai ba.