Aikin Mai Gyaran Na'urorin Lantarki a Masana'antar Katako

Mai gyaran na'urorin lantarki a masana'antar katako shi ne ma'aikacin da ke kula da kayan da ke sarrafa injinan tsaga gungume da na goge katako, da kuma ɗakunan busar da shi. Aikinsa ya sha bamban da na mai jan wayar wuta a gidaje, domin shi akwatin sarrafa inji yake buɗewa, ya auna, ya gano abin da ya lalace.

Kaso mai yawa na katakon da ake sayarwa a kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da Dei-Dei a Abuja daga dazuzzukan kudu yake fitowa, musamman jihohin Edo, Ondo da Kuros Riba. Garin Sapele na Jihar Delta ya yi suna a wannan harka tun zamanin mulkin mallaka. A arewa kuwa, galibi ƙananan injina ne da ke sake tsaga katakon da manyan motoci suka kawo.

Manyan injinan suna aiki ne da wuta mai layi uku, wadda ƙarfinta ya kai kimanin bolt 415. Idan layi ɗaya ya ɗauke, sauran biyun suka ci gaba, koyil ɗin injin yakan ɗau zafi har ya ƙone. Saboda haka ake sanya na'urar kariya da ke yanke wuta da kanta. Abin takaici shi ne, wasu masu injina kan sa a tsallake ta da guntuwar waya don kada aiki ya tsaya, daga baya su biya kuɗin sake naɗa koyil, wanda ya ninka nata sau da yawa. Ga kuma garin katako da ke shiga akwatin wuta ya toshe hanyar iska. Tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da gobara.

Wani muhimmin sashe na aikin shi ne kula da mitar auna danshi. Mitar tana da allurai biyu da ake soka wa katako, kuma da yake lantarki ya fi saurin ratsa ɗanyen itace, da haka take gane yawan ruwan da ke ciki. Danshin sabon yanka yakan haura kashi 30 cikin ɗari, alhali kayan ɗaki na bukatar kimanin kashi 8 zuwa 12. Katakon da bai bushe ba, da zarar hunturu ya kama sai ya tsage ko ya lanƙwashe. Yana da kyau jami'an ƙananan hukumomi masu bayar da kwangilar bencinan makaranta da ƙyamaren asibiti su nemi a auna a gabansu.

Matashi mai sha'awar sana'ar zai iya farawa daga kwalejin fasaha ya zana jarrabawar NABTEB, ko ya yi difloma ta shekara biyu a fannin lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha da hukumar NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ta amince da ita. Wanda ya koya a wurin maigida kuma yana iya neman takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Kafin a taɓa kowane inji, wajibi ne a kashe babban makunni, a datse shi da kwaɗo, mai gyaran ya riƙe makullin a aljihunsa har ya kammala.