BABI NA BIYU: TARIHIN KOYON ƊAUKAR HOTON BIDIYO A ƘASAR HAUSA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda sana'ar ɗaukar hoton bidiyo ta shigo ƙasar Hausa, da yadda aka koye ta, da kuma matsalar kayan aiki da masu sana'ar suka yi fama da ita. Za a kawo misali da yankin noma na kudancin Jihar Katsina, inda garuruwan Funtuwa da Malumfashi da Mahuta suke.

2.1 Daga Majigi Zuwa Kaset

Tun kafin bidiyo, Bahaushe ya san hoto mai motsi ta hanyar majigi. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya finafinai a Ingila a 1939, kuma motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa suna nuna finafinan wayar da kai. Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Baban Larai, wanda aka shirya domin ƙarfafa wa manoma gwiwa. Irin wannan fim ya dace da yankin Funtuwa da Malumfashi, domin ƙasar auduga ce, har akwai injinan gurzar ta a garuruwan biyu. Sai dai a wancan lokaci manomi ɗan kallo ne kawai, kyamara tana hannun hukuma.

Haka abin ya ci gaba har bayan samun 'yancin kai. Fim irin na silima, kamar Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, yana cin kuɗi mai yawa, kuma sai ƙwararru. Da gwamnati ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sai wannan hanya ta ƙara tsada.

2.2 Zuwan Kyamarar Bidiyo

Kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da kaset na VHS a 1976, sannan a farkon shekarun 1980 aka sami kyamarar da ke ɗauke da kaset a cikinta. Wannan shi ya sauko da kyamara daga hannun hukuma zuwa hannun talaka. A Kano, mutane irin su Sani Lamma da Hamisu Gurgu suna cikin waɗanda suka fara ɗaukar wasannin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a kaset. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa.

2.3 Yadda Aka Koyi Sana'ar

Mafi yawan masu ɗaukar hoto na wancan zamani ba a aji suka koya ba. Wasu sun sami horo a gidajen talabijin, kamar CTV ta Kano da aka buɗe a 1982, amma akasari a gindin maigida suka koya, kamar yadda ake koyon ɗinki ko gyaran rediyo. Yaro yakan fara da ɗaukar jaka da riƙe fitila da jan waya, kafin a yarda ya saɓa kyamara a kafaɗa.

Makarantarsu ta gaskiya ita ce wajen biki da suna da naɗin sarauta. A garuruwan noma irin su Mahuta, bukukuwan aure sun fi yawa da kaka, bayan an sayar da amfanin gona, don haka a lokacin ne mai bidiyo yake samun aiki. Wannan makaranta ba ta yafe kuskure, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. Idan batir ya mutu, ko ƙura ta shiga kan na'ura, to an yi asarar ranar ke nan, tare da mutuncin mai sana'ar. Tacewa kuwa da na'urar bidiyo biyu ake yi, ɗaya tana nunawa ɗaya tana naɗa, kuma duk kwafin da aka sake yi sai hoton ya ƙara dushewa.

2.4 Matsalar Gilashin Kyamara

Babbar matsalar ƙaramar kyamara ita ce gilashinta a manne yake, ba a cire shi, kuma farantin da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne. Saboda haka komai yakan fito tangaran, na kusa da na nesa, saɓanin hoton silima inda fuskar ɗan wasa take fitowa sarai, bayansa kuma ya yi dishi-dishi.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi fama da wannan ba. A 2001 kamfanin P+S Technik na Jamus ya fito da wani mahaɗi da ke ba ƙaramar kyamara damar amfani da gilashin silima, amma yana da tsada ƙwarai. Don haka masu ƙaramin ƙarfi a Turai da Amurka suka riƙa harhaɗa nasu a gida. Sukan sanya gilashin kyamarar hoto a bakin wani bututu ko ɗan akwati, ya jefa hoto a kan wani gilashi da aka goge ya yi hazo, sai kyamarar bidiyo ta ɗauki hoton daga nan. Wasu sukan sa ƙaramin inji yana juya gilashin don kada kaushinsa ya bayyana. Wannan dabara tana da illoli biyu: hoton yana fitowa kai a ƙasa, kuma tana cin haske. Amfaninta ya ragu bayan kamfanin Canon ya fitar da kyamarar 5D Mark II a 2008, wadda ake sauya wa gilashi kuma take ɗaukar bidiyo.

2.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa kyamarar bidiyo ta bai wa Bahaushe damar ɗaukar kansa da kansa, amma ba ta zo masa da malami ba. Ƙwarewar da ta kai ga finafinai irin su Sangaya na 1999, shekarar da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood, a wajen aiki aka same ta, da kayan da ke hannu. Yanzu kaset ya ɓace, wayar hannu ta shiga ko'ina, amma har yau da yawa a gindin maigida suke koyon sana'ar. A babi na gaba za a duba yadda kasuwancin kaset ya bunƙasa, da dalilan durƙushewarsa.