Agogon nutso mai aiki a teku da tudu: Abin da za a duba kafin saye

Kwamfutar nutso na'ura ce da mai shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska ke ɗaurawa a hannu. Tana auna zurfin da ya kai da lokacin da ya shafe, tana kuma lissafa masa sauran mintocin da zai iya zama lafiya. A da wannan kaɗai ne aikinta, amma yanzu kamfanoni na haɗa ta cikin agogon da ke ƙirga bugun zuciya da nisan tafiya da tsayin dutse. Wanda zai sayi irin wannan agogo ya fara tantance shi a matsayin abin kare rai a ruwa, sannan ya dubi sauran amfaninsa.

Yadda take aiki

Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke bakin teku. A ƙarƙashin wannan matsi, iskar naitirojin da yake shaƙa na narkewa cikin jini da tsoka. Idan ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar kwalbar lemo da aka buɗe bagatatan. Kumfar na haddasa ciwon gaɓoɓi da shanyewar jiki, wani lokaci har da rasa rai. Saboda haka kwamfutar ke gargaɗi idan saurin tasowa ya wuce kimanin mita 10 a minti, kuma take ƙirga tsayawar minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Tsarin lissafin da ya fi yaɗuwa shi ne Bühlmann ZHL-16C, mai ɗauke da sunan likita Albert Bühlmann na birnin Zurich. Agogon kirki na barin mai shi ya ƙara tsananin wannan lissafi, abin da ke da amfani ga mai shekaru ko mai ƙiba.

Rubutun bayan agogo

Agogon da aka rubuta wa mita 50 ko 5 ATM na iyo ne a saman ruwa, bai dace da nutso ba. A nemi ƙa'idar EN 13319 ta na'urorin auna zurfi, da kuma iyakar zurfin nutso da kamfanin ya bayyana. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce, mai takardar matakin farko kuwa mita 18 aka yarje masa. A kuma tabbata agogon na da maɓallai, domin fuskar da ake shafawa da yatsa ba ta amsawa a cikin ruwa.

Samfuran da aka sani

Garmin Descent Mk3i na shekarar 2023 na kai wa mita 200, yana da taswira, yana kuma nuna sauran iskar tukunya idan an sayi ƙaramar na'urar da ke aiko masa da bayanin. Descent G1 ya fi shi araha, fuskarsa ba ta da launi, akwai kuma mai cajin rana. Garmin Fenix 8 na 2024 agogon motsa jiki ne da aka ƙara wa nutso har mita 40. Apple Watch Ultra, wanda ya fito a 2022, shi ma mita 40 ne iyakarsa. Yana buƙatar wayar iPhone da manhajar Oceanic+ wadda ake biyan kuɗinta, kuma batirin samfurin farko kimanin awa 36 yake yi. Suunto Ocean na kamfanin ƙasar Finland ya haɗa nutso da taswira da wasanni. Shearwater Teric na Kanada kuwa gwani ne a ruwa, sai dai ba shi da GPS, don haka ba zai yi jagora a daji ba.

A kan tudu

Mai hawan dutse ya duba abu uku: taswirar da ke aiki ba tare da intanet ba, ma'aunin tsayi mai amfani da matsin iska, da batirin da zai yi yini guda GPS na kunne. GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa, wurin shiga da wurin fita kawai yake ajiyewa. Ma'aunin bugun zuciya shi ma ba ya karantawa ta saman rigar nutso ta roba.

Haɗarin haɗa biyun

Taura biyu ba ta taunuwa. Hawa tudu mai tsayi bayan nutso daidai yake da shiga jirgin sama, domin matsin iska na raguwa, naitirojin da ta rage a jiki kuma na iya yin kumfa. Ƙungiyar Divers Alert Network ta ba da shawarar jiran aƙalla awa 12 kafin tashi a jirgi bayan nutso ɗaya, da awa 18 bayan nutso da yawa. Wanda ya yi nutso a Dahab ko Sharm el-Sheikh na Masar, sannan ya nufi Dutsen Sinai mai tsayin mita 2,285 a daren ranar, ya jefa kansa cikin wannan haɗari tun yana mota, domin garin da ke gindin dutsen ya haura mita 1,500. Haka ma mai barin Zanzibar zuwa Kilimanjaro. A nan agogo guda ke da fa'ida: yana nuna sauran awannin jira a hannun mai shi. Mafi sauƙi shi ne a fara da dutse, a ƙare da teku.

Kafin a biya kuɗi

Mai nutso sau ɗaya ko biyu a shekara, agogon motsa jiki mai iyakar mita 40 ya ishe shi. Mai niyyar zurfafa karatun nutso ya nemi wanda aka ƙera don nutso tun asali. Mutum biyu ba sa karɓa-karɓa da agogo ɗaya a rana guda, domin lissafin jikin mutum ɗaya yake riƙewa. A wanke shi da ruwan daɗi bayan kowace shiga teku. Kuma komai tsadarsa, sai an samu horo da takardar shaida daga ƙwararren malami kafin a shiga da shi ƙarƙashin ruwa.