Mota Ba Direba: Abin Da Tarihi Ya Nuna Mana

Idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar cewa ɗan'adam bai taɓa miƙa ransa ga inji cikin daɗin rai ba. A shekarar 1865 majalisar Ingila ta kafa doka cewa duk mota mai tururi da za ta hau hanya, sai wani mutum ya shige gabanta a ƙasa riƙe da jar tuta. Gudunta kuwa kada ya wuce mil 4 cikin awa a ƙauye, mil 2 a gari. Sai a 1896 aka sassauta, aka yarda da mil 14.

Haka aka yi fama da lif, wato ɗan ɗakin nan mai hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. Masu sarrafa kansu sun daɗe da samuwa, amma jama'a sun fi son su ga mutum a ciki yana jan akala. A 1945 ma'aikatan lif na birnin New York suka yi yajin aiki, ofisoshi suka tsaya cik. Bayan haka masu benaye suka karkata ga lif marar ma'aikaci, aka ba shi maɓallin tsayarwa da ƙararrawa da wayar kiran taimako. Da mutane suka ga akwai wanda zai amsa kiransu, sai hankali ya kwanta.

To, motar da ke tuƙa kanta ma wannan turba ta biyo. A 2004 hukumar bincike ta sojan Amurka, DARPA, ta shirya tsere a hamada, amma babu motar da ta kai ƙarshe. Wadda ta fi ƙoƙari mil 7 da 'yan kai ta yi. A 2005 guda biyar suka kammala, ta Jami'ar Stanford ta zo ta ɗaya. Kamfanin Google ya shiga aikin a 2009, daga nan aka samu Waymo, wanda a 2020 ya fara ɗaukar fasinja a yankin Phoenix ba kowa a kujerar direba.

Sai dai an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A watan Maris na 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata a Tempe ta jihar Arizona. Matar da aka ɗora a kujerar direba don sa ido ita aka gurfanar, kamfanin bai fuskanci tuhumar laifi ba. A Oktoban 2023 motar Cruise ta ja wata mata a ƙasa a San Francisco, bayan wani direba ya banke ta. Hukuma ta dakatar da lasisin kamfanin, tana zarginsa da rashin bayyana cikakken abin da ya faru. A Disamban 2024 General Motors ya janye kuɗinsa daga wannan haya.

A nan ne muke ganin dalilin da ya sa motar haya ta riga ta gida. Mai shiga haya ya san motar ta kamfani ce, in ta yi ɓarna ga wanda za a kama. Mai sayen tasa kuwa, irin su Tesla, an ce masa idonsa na kan hanya, alhaki kuma na wuyansa. Jama'a ba gudun sabon abu suke yi ba. Tambayar da aka yi wa mai tuta da mai lif ita suke maimaitawa: in abin ya ɓaci, wa zai tsayar, wa kuma zai amsa?