Alƙalamin Tawada: Tarihinsa da Sha'awar Tara Shi

Alƙalamin tawada shi ne wanda ke ɗauke da tawada mai ruwa a cikinsa, tana gangarowa zuwa bakinsa na ƙarfe yayin rubutu, ba sai an riƙa tsoma shi a kwalba ba. Manyan sassansa huɗu ne: baki, da magudana, da ma'ajiyar tawada, da murfi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, da shi ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai ke rubutu a yawancin ƙasashe. Biro ya ƙwace masa kasuwa, amma ya wanzu a hannun masu ƙaunar rubutun hannu da masu tara tsofaffin alƙaluma.

Asali

Shekaru aru-aru marubuta suna fama da alƙalamin kara ko na gashin tsuntsu, wanda ba ya wuce 'yan kalmomi sai tawadarsa ta ƙare, kamar dai alƙalamin gamba na makarantar allo. Alƙali Nu'uman ya rubuta cewa a ƙarni na 10 halifan Faɗimawa, Al-Mu'izz, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da zai riƙe tawadarsa ba tare da ya ɓata hannu ko tufafi ba, kuma aka ƙera masa. A Turai an yi ta gwaje-gwaje tun ƙarni na 17. A 1827 wani ɗan ƙasar Romaniya, Petrache Poenaru, ya sami takardar mallakar fasaha a Faransa kan alƙalami mai ma'ajiya.

Waɗannan alƙaluma na farko ba su karɓu ba, domin ko dai tawadar ta ƙi fitowa, ko ta kwararo gaba ɗaya ta ɓata takarda. Dalili shi ne, duk ɗigon da ya fita sai iska daidai shi ta shiga ta maye gurbinsa. Idan ba a daidaita wannan musaya ba, alƙalami ba ya rubutu lafiya.

Samun mafita

Abubuwa uku ne suka share fage a ƙarni na 19: bakin zinariya mai ɗan ƙwallon iridiyam a tsininsa, wanda tawada ba ta cinye shi kuma ba ya saurin lalacewa, da roba mai tauri da ake sassaƙa jikin alƙalami da ita, da tawada marar gwiɓi. A 1884 Lewis Edson Waterman na birnin New York ya sami takardar mallakar magudana mai siraran tsagogi, waɗanda ke jan tawada a hankali yayin da iska ke komawa ciki ta babbar hanyar. A 1888 George Safford Parker, malamin koyar da aikin tangaraho, ya kafa kamfaninsa a Janesville ta jihar Wisconsin.

Saura matsalar cikawa. Da farko sai an kwance alƙalami an ɗiga masa tawada da abin ɗiga maganin ido. Kamfanin Conklin ya sa jakar roba a ciki, wadda ake matsawa ta zuƙo tawada. A 1908 Walter Sheaffer, mai sayar da kayan ado a Fort Madison, ya ƙirƙiro ɗan hannun da ake ɗagawa a gefe ya matse jakar. A 1929 kamfanin Pelikan na Jamus ya fito da alƙalami mai fistin da ake murɗawa daga gindi, bisa fasahar injiniya Theodor Kovács, ɗan ƙasar Hangari.

Zamanin tashe

Tsakanin 1920 da 1950 ne alƙalamin ya kai ƙololuwa. Parker ya fitar da Duofold mai launin jan lemo a 1921, lokacin da kusan kowane alƙalami baƙi ne. Montblanc na Hamburg ya soma jerin Meisterstück a 1924. Parker 51, mai ɓoyayyen baki, ya fito a 1941, ya zama cikin waɗanda aka fi saya a tarihi. A Japan an kafa kamfanin Sailor a 1911, Pilot a 1918, Platinum kuma a 1919. Masu sana'ar can sun riƙa shafe jikin alƙalami da ƙaron itacen urushi, suna yi masa zane da garin zinariya, kuma sun shahara da siraran bakuna masu dacewa da haruffansu.

Zuwan biro

László Bíró, ɗan jarida daga Hangari, ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo, wato biro, a 1938. A watan Oktoban 1945 wani kanti a New York ya sayar da biron kamfanin Reynolds kan dala 12.50, amma cikin 'yan shekaru sai farashi ya faɗi warwas, biron Bic Cristal kuma ya fito a 1950. Biro ba ya buƙatar kwalba, kuma yana jure dannawa a kan takardar kabon. Zuwa shekarun 1960 ya mamaye ofisoshi. Duk da haka kamfanin Lamy ya fitar da samfurin 2000 a 1966 da Safari a 1980, kuma har yau yaran firamare da yawa a Jamus da alƙalamin tawada suke koyon rubutu.

Sha'awar tarawa

A shekarun 1970 da 1980 mutane a Amurka da Ingila suka fara tsinto tsofaffin alƙaluma a kasuwannin gwanjo suna gyarawa. Ƙungiyoyi da mujallu suka biyo baya, da bajekolin shekara-shekara a birane irin su Washington da Chicago da Landan. Tun 2012 ake bikin ranar alƙalamin tawada a Juma'ar farko ta Nuwamba.

Masu wannan sha'awa iri-iri ne. Wasu tarihi suke bi: su tara samfuri ɗaya da dukkan launukansa, suna duba tambarin jiki da ingancin baki. Wasu gyara ne ya ja su, domin alƙalamin da ya shekara tamanin a akwati sau da yawa sabuwar jakar roba da wanki kawai yake nema ya koma aiki. Mafi yawa kuwa rubutun ne ke yi musu daɗi: tawada na sauka ba sai an danna ba, hannu ba ya saurin gajiya, kuma akwai baki siriri, da mai faɗi, da mai lanƙwasa wanda layinsa ke kauri idan an matsa. Mai alƙalami shi ke zaɓen tawadarsa cikin ɗaruruwan launuka, ya nemi takardar da ba ta tsotse ta.

Alƙalamin tawada yana neman kulawa: wanke shi da ruwa lokaci-lokaci, da rufe murfi, da nisantar tawadar zane mai ƙaro wadda ke toshe magudana. Wanda ya kiyaye waɗannan, alƙalami ɗaya na iya yi masa aiki tsawon rayuwa, har magadansa su ci gaba da rubutu da shi.