Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Ɗakin Ɗibar Jini

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san fitar da jini daga jiki. Wanzami kan kafa ƙaho a ƙeya ko gadon baya, ya yi tsaga da aska, ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini. A wannan fahimta, jinin da ya bar jiki cuta ce aka raba mutum da ita. Amma a ce lafiyayye ya miƙa hannu a ɗebi kyakkyawan jininsa a ƙara wa wani, wannan baƙon al'amari ne. Shi ya sa matashin Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi da aka kira zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, don ya ba matar yayansa jini, yakan shiga da faɗuwar gaba.

To, duk abin da za a yi masa a can yana da asali, kuma da rayuka aka saye shi. A 1667 wani likita a Faransa, Jean-Baptiste Denis, ya ƙara wa mutane jinin tunkiya da na maraƙi; da ɗayansu ya mutu, hukuma ta hana. A 1818 James Blundell na Ingila ya gwada jinin mutum ga mutum, daga baya har ga mata masu zubar jini bayan haihuwa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, ba wanda ya san dalili. Sai a 1901 Karl Landsteiner ya gano a Biyana cewa jini rukuni-rukuni ne, A da B da O, kuma idan aka haɗa waɗanda ba su dace ba sai ƙwayoyin su dunƙule. Ɗan ɗigon da ake fara ɗiba a yatsa, gadon wannan bincike ne. Maganin hana daskarewa da ke cikin jakar jini kuwa, a 1914 aka samo shi.

Shirin da ake bukata kaɗan ne: shekara 18, nauyin kilo 50, isasshen barci, abinci da ruwa. Mililita 450 ake ɗiba daga wajen lita 5, kuma namiji ba ya sake bayarwa sai bayan wata uku.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambayoyin ma'aikaci. Tun da aka bayyana ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, gwaji ya zama tilas, har da na ciwon hanta da tunjere. Sai dai cutar da ta shiga jiki kwanan nan tana iya ɓuya wa gwaji, don haka amsar gaskiya ta fi na'ura. A nan kunya, wadda Bahaushe ke yabo, kan yi ɓarna: ƙanin da dangi suka tsaya a kansa da wuya ya faɗi abin da zai sa a sallame shi, balle mai sayar da jini don kuɗi. Saboda irin wannan matsala ne dokar 2021 ta kafa hukumar jini ta ƙasa, wadda aka ɗora wa neman masu bayarwa don raɗin kansu, tun kafin mai naƙuda ta fara zubar da jini.